Saurin Jirgin Sama Da Bashin Hayaƙinsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a kan tafiya Makka.

A zamanin kakanninmu, wanda ya yi niyyar aikin Hajji sai ya yi sallama da iyalinsa kamar ba zai komo ba. Ya bi ta Barno, ya ratsa Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wani shekara biyu, wani bakwai, wani kuwa can ƙasa ta rufe masa ido. A 1925 jiragen sama na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, a 1929 kuma jirgin ƙasa ya iso Ƙaura, aka ce an ga iyakar sauri. Ashe da sauran kallo. Daga Sakkwato, inda alhazan Zamfara suka daɗe suna tashi, zuwa Jidda kimanin kilomita 3,700 ne, jirgin sama kuwa yakan cinye su cikin sa'a biyar ko kusa da haka. Alhamdu lillahi.

Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kowane kilo guda na man jirgi in ya ƙone yakan bar kilo uku da 'yan kai na iskar nan da ake kira kabon, wadda ke taruwa a sama tana tsare zafin rana kada ya fita. In an raba hayaƙin zuwa da komowa bisa kan matafiya, rabon kowa ya fi rabin tan, watau kusan abin da ɗan Nijeriya guda ke fitarwa a shekara sukutum.

Gaskiya ne manyan ƙasashe masu masana'antu su ne suka fi cika sama da hayaƙi, namu kaɗan ne. To, amma wa ke bakin hamada? Mu ne. Manomin Zurmi da makiyayin Shinkafi su ke fara jin jiki in damina ta yi gardama. Don haka ne a 2007 ƙasashen Afirka suka ƙulla shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da shirin ya shafa.

Ba na cewa a bar Hajji, Allah ya kiyaye, farilla ce ga mai iko. Roƙona shi ne, duk alhajin da ya sauka lafiya ya dasa gawo ko bagaruwa ko darbejiya, ya shayar da su har su kama, gama itace yana shan iskar nan, inuwarsa kuma sadaka ce mai gudana. Mai komawa Umra kowace shekara kuwa, nasa dashen ya kamata ya fi na kowa. Malamai, ku taimaka da wa'azi. Rigakafi ya fi magani.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Ƙaura Namoda.