Tukwanen Kaburburan Zuru da Masu Binciken Kufai

A tsofaffin mazaunan Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, can bisa duwatsun ƙasar Zuru, akwai tuddan kaburbura da aka ɗora wa gasassun siffofi na yumɓu, wata mai kamar giwa, wata mahayi bisa dokinsa, wata kuwa tukunya mai kan mutum. A da mata ne ke gina su, sana'a ce ta wasu gidaje ƙalilan da 'ya ke gada wurin uwarta, kuma ba kowane mamaci ake yi wa ba, sai mai muƙami ko bajinta, kamar sarki, ko babban maharbi, ko gwanin kokawa. Wani Bature mai suna Fitzgerald ya bayyana su a mujallar Man a 1944, amma a ganina har yau hidimar da aka yi musu ta ilimi ba ta kai ƙimarsu ba.

Dalilin wannan ƙima yana cikin saɓanin da ya daɗe tsakanin malaman ilimin kufai game da yadda ake fitar da hukunci daga abin da aka tono. Magabatansu sun wadatu da jera tukwane bisa kamanninsu, suna danganta kowane salo ga wata ƙabila. Daga nan, a 1962, Lewis Binford na Amurka ya ce wannan bai zama hujja ba, sai an gwada kowace da'awa da ma'auni. Sa'an nan Ian Hodder na Ingila, bayan ya yi nazarin mutanen Baringo a Kenya, ya nuna a 1982 cewa kayan da mutum ke ƙerawa suna ɗauke da ma'ana, wadda ba a riskarta da awo kaɗai, sai an zauna da masu abin an saurare su. Awo yana da nasa fa'ida babu shakka, domin sinadarin kabon-14 da ke cikin gawayi ko ƙashi rabinsa ke gushewa kowace shekara 5,730, ta haka ake ƙiyasta daɗewar abu. Sai dai yana gaya maka yaushe ne, ba ya gaya maka don me.

To, dubi siffofin Nok na kudancin Kaduna, waɗanda Bernard Fagg ya fito da labarinsu tun shekarun 1940, kuma masana daga Jami'ar Firankfut ta Jamus suka shiga tono wurarensu daga 2005: an san shekarunsu sun haura dubu biyu, amma babu wani mai rai da za a tambaya abin da maginansu suka nufa. Haka siffofin da aka tono kusa da Yelwa ta Yawuri gabanin cikar madatsar Kainji a 1968. Zuru kuwa Allah ya bar mata abin da waɗancan suka rasa, wato dattawan da suka san wace siffa ake ɗora wa wane, da wanda ke ɗora ta, da kuma lokacin. Ba a ce al'adar Lelna ita ce ta Nok ba, ƙiyasi yana da sharuɗɗa, amma tana buɗe wa mai bincike ƙofar tambayoyin da ba zai iya ƙirƙiro su daga ɗakin karatu ba.

Abin tsoro shi ne masu fataucin kayan tarihi. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya siffofin Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin kayan da sata ta addaba, na Dakarkari ma sun isa kasuwannin Turai. Tukunyar da aka ɗauke daga kabarinta ta zama tamkar hadisin da isnadinsa ya yanke: matanin yana nan, amma ba a kafa hujja da shi. Kiyaye waɗannan wurare ba ya nufin komawa ga aƙidar da aka bari. Kabari na da hurumi ga Musulmi da Kirista baki ɗaya, sanin tarihin kakanni kuwa haƙƙin jikoki ne.

Saboda haka ina kira ga Masarautar Zuru, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da malaman ilimin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello, su haɗa hannu su ƙididdige kaburburan nan a inda suke, su kuma naɗi bayanin tsofaffin magina da harshensu na C'lela tun suna raye, aikin kuwa a sa 'ya'yan Zuru a gabansa.