Maƙeran da ke yanka haƙoran bin taurari

Duk wanda ya saita madubin hangen nesa a kan tauraro zai ga tauraron yana sulalewa, domin duniya tana juyawa sau ɗaya a cikin awa 23 da minti 56. Dole madubin ya riƙa juyawa da wannan nawar. Ƙarafa biyu ne ke ɗaukar nauyin aikin: sanda mai tiredi irin na ƙusar noti, da faifai mai haƙora wanda sandar ke turawa haƙori ɗaya a kowane zagaye. In haƙoran 360 ne, sandar tana zagaye ɗaya a kusan minti huɗu. Wasu maƙeran kan yanka 359, domin ƙaramin moto mai zagaye ɗaya a minti huɗu ya kammala faifan a minti 1,436, daidai da tafiyar taurari.

Faifan kanti mai kyau yana da tsada, shi ya sa masu sha'awar taurari a Amurka da Turai suka daɗe suna ƙera nasu a gareji. Al'adar haɗa madubi a gida ta yi ƙarfi ne tun da Russell Porter ya tara abokansa a garin Springfield na jihar Vermont, kuma taronsu na Stellafane, wanda aka fara a 1926, har yau ana yin sa.

Dabarar kanta abin burgewa ce. Maƙeri zai gurje faifan tagulla ko alminiyam, ya ɗora shi a kan ƙusa yadda zai juya sakayau. Sai ya ɗaure ƙarfen da ake fitar da tiredin noti da shi a bakin injin gurzar ƙarfe, ya matso da faifan a hankali. Ƙarfen yana ci yana jan faifan, haƙora suna fitowa da kansu. A nan ne mai gaggawa ke yin asara: in faɗin faifan bai dace da lissafi ba, haƙoran zagaye na biyu ba za su faɗa cikin na farko ba, sai aikin ya dagule. Tiredi mai tazarar milimita 1.5 da haƙora 360 yana buƙatar faifai mai faɗin kusan milimita 172. Masu lura sukan fara tsaga ƙananan alamu a gefen faifan, ɗaya ga kowane haƙori, don ƙarfen ya bi sawu.

Bayan yanka sai wasa. Ana shafa ƙullun gogewa mai laushi tsakanin sanda da faifai, a bar su suna juyawa awanni har su saba da juna, sannan a wanke tas. Wannan matakin, a ganina, shi ke raba gwani da ɗan koyo, domin ba ya buƙatar kayan tsada, sai haƙuri kawai.

Alƙalin aikin kuwa hoto ne. In sandar ta karkace ko da kaurin gashi ne, madubin zai riƙa yin gaba da baya a kowane zagaye, taurari su fito a hoto kamar ƙwayar shinkafa maimakon ɗigo. Yanzu akwai kwamfuta da ke gyara wannan kuskure, amma ta fi iya gyara wanda ke maimaituwa cikin tsari. Haƙoran da aka yanka da garaje, wani babba wani ƙarami, sai dai maƙeri ya nemi sabon faifai ya sake daga farko.