Idan 'eksitanal' ya daina buɗewa: Yadda ake gano matsalar, da kura-kuran da ke ƙarasa kashe shi

Mai ɗaukar hoton biki, mai tace fim a Kannywood, mai shagon buga takardu a bakin jami'a, ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri, kusan kowannensu yana da ɗan akwatin nan mai girman tafin hannu da ake jona wa kwamfuta da kebul. A kasuwa ana ce masa eksitanal, wato rumbun ajiyar bayanai na waje. Wani aikin shekara goma ne a cikin nasa, wani kuma bidiyon ɗaurin auren da aka riga aka biya shi kuɗinsa, amarya na jira.

Ranar da ya ƙi buɗewa, yawancin mutane abu ɗaya suke yi: a zare, a sake jonawa, a kai wata kwamfutar, a sake jonawa, wani ma har ya ɗan bubbuga shi kamar tsohuwar rediyo. A wannan sa'ar farko ake yin asarar da ta fi ta lalacewar asali. Dalili kuwa shi ne gyaran rumbu daban, ceto abin da ke cikinsa daban, kuma sau da yawa abin da zai taimaki ɗaya shi ke kashe ɗayan.

Abin da ke cikin akwatin

Tun da kamfanin IBM ya fito da rumbun farko a 1956, mai faifai 50 da bai ɗauki abin da ya wuce kimanin megabait 5 ba, tsarin bai canza sosai ba. Akwai faifai mai juyawa, akwai ɗan hannu mai allura da ke karatu da rubutu ta hanyar maganaɗisu. A yawancin ƙananan eksitanal, faifan yana zagayawa sau 5,400 a minti ɗaya. Allurar ba ta taɓa faifan. Iskar juyawar ce ke ɗaga ta, tana shawagi a tazarar da ba ta kai nanomita goma ba. Kaurin gashin kai guda ya ninka wannan tazara sau dubbai.

Shi ya sa faɗuwa daga kan tebur lokacin da rumbun ke aiki ta fi faɗuwa lokacin da yake a kashe muni nesa ba kusa ba. A kashe, allurar tana ajiye a gefe. A kunne kuwa, karo za ta yi da faifan da ke gudu.

Bayan waɗannan akwai allon lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel, sai ɗan ƙaramin allo da ke haɗa rumbun da mashigar USB, sai kebul. Kowanne a cikinsu na iya lalacewa shi kaɗai, kuma sa'ar da ake da ita ita ce mafi arha a cikinsu su ne suka fi yawan ba da matsala.

A fara da kunne

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara buɗe manhaja. Jona rumbun yake yi na 'yan daƙiƙoƙi, ya kara a kunne.

Idan ya ji faifan ya tashi sumul, ya ɗan yi ƙuri-ƙuri sannan ya natsu, to injin lafiya lau, matsalar tana wani wuri. Idan shiru ne, ko girgiza babu, hankali sai ya koma kan wuta. Mashigar USB ta 2.0 ba ta ba da abin da ya wuce miliamfiya 500, ta 3.0 kuma 900, kuma lokacin tashi ne rumbu ya fi jan wuta. Kebul mai arha ko mai tsawo, ko mashigar gaban kwamfutar tebur, ko abin nan da ke raba mashiga ɗaya zuwa huɗu, duk suna iya hana shi samun abin da yake buƙata. Canza kebul da komawa mashigar baya ya isa ya tayar da rumbun da aka riga aka yi wa ta'aziyya. Haka nan bakin da kebul ke shiga a jikin rumbun yakan yi sako-sako ko ya ɓalle daga allon saboda yawan zarewa da sakawa, kuma duk mai gyaran wayar da ya iya dalma a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja zai iya mayar da shi.

Manyan rumbunan tebur masu cajarsu daban suna da wata matsalar. Bolt 12 suke buƙata, amma bakin cajar yana kama da na laftof da yawa masu bolt 19. A ɗakin da wayoyi suka cakuɗe, kuskure ɗaya ya isa. Sa'a dai akwai wani ɗan ƙaramin mai tsaro a fanel da ke ƙonewa don ya kare sauran, kuma ana iya gano shi da mita a cire shi.

Sautin da ya kamata ya tsayar da komai iri biyu ne. Ɗaya shi ne ƙas, ƙas, ƙas da ke maimaituwa: allurar ce ke fita neman bayanan da take buƙata don fara aiki, ba ta samu, ta koma, ta sake fita. Ɗayan kuma ɗan siririn kuka ne ko zzz, alamar injin na son juyawa amma ya kasa, sau da yawa domin allurar ta manne a kan faifan. Ƙarancin wuta na iya kawo irin waɗannan sautukan, don haka gwaji ɗaya da kebul mai kyau ba laifi ba ne. Idan sautin bai sauya ba, sai a zare, kar a sake jonawa. Allurar da ta lanƙwashe kankare fuskar faifan take yi, ƙurar da ta kankaro kuma ita ce hotunan. Abin da ya zama gari babu injiniyan da zai dawo da shi, a Ikeja yake ko a Landan.

Idan kwamfuta ta gan shi amma ta ƙi buɗewa

Nan ne aka fi samun labari mai daɗi, nan ne kuma aka fi yin ɓarna da hannu.

A Windows, wurin dubawa shi ne Disk Management. Wani lokaci rumbun yana nan lafiya, harafi kawai ba a ba shi ba, sai a ba shi. Wani lokaci kuma za a ga an rubuta RAW, sannan saƙo ya fito cewa sai an yi fomatin kafin a iya amfani da shi. Amsar wannan tambaya a'a ce. Abin da ya lalace shi ne jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, kamar littafin da shafin ƙunshiyarsa ya yage amma sauran shafukan suna nan. Ɗauke wuta ana tsakiyar kwafa ko fizge kebul ba tare da an sallami rumbun ba su ne manyan masu jawo wannan, musamman ga rumbun da ke kan tsarin exFAT, wanda masu tace bidiyo ke so domin yana aiki a Mac da Windows amma ba ya ajiye bayanin da zai gyara kansa da shi. Akwai ma lokacin da babu abin da ya lalace ko kaɗan: rumbun da aka tsara a Mac ne aka kawo Windows, ita kuma ba ta jin yarensa.

Wanda ya riga ya danna fomatin ma bai kamata ya fid da rai ba, idan na gaggawa ne, domin jadawalin kawai yake sabuntawa. Cikakken fomatin kuwa, tun daga Windows Vista, sifiri yake rubutawa a kan komai.

Sai kuma tsohuwar cutar shagunan buga takardu, bayiros ɗin da ke ɓoye foldodi ya bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Mai rumbu zai ga wuri a cike amma babu fayil ko ɗaya. Ba a goge komai ba. A share cutar, a yi amfani da umarnin attrib a cire alamar ɓoyewa, komai ya bayyana. Aikin minti biyar ne, bai kamata a caji mutum kuɗin ceto bayanai a kansa ba.

Tambayar rumbun da kansa

Kowane rumbu yana ajiye rahoton lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana karanta shi. Layuka uku suka fi muhimmanci: na 5, mai ƙirga gurabun da suka lalace aka maye gurbinsu, na 197, mai ƙirga waɗanda ake shakka a kansu, da na 198, waɗanda suka gagara karantuwa. Kamfanin ajiya na Backblaze da ke Amurka, wanda ke wallafa rahoton dubban rumbunansa, yana sa waɗannan ukun cikin alamomi biyar da yake sa wa ido. Idan lambar ta tashi daga sifiri kuma tana ƙaruwa, rumbun yana kan hanyarsa. Sauran alamomin kowa ya san su: kwafa ta fara da gudu sai ta tsaya cak, kwamfuta ta daskare har sai an zare rumbun.

A irin wannan hali, shawarar da ta fi yawo a intanet, wato a sa masa chkdsk, ita ce mafi haɗari. Wannan umarni aikinsa ya daidaita jadawali, ko da kuwa sai ya yanke fayilolin da bai gane ba, kuma yana tilasta wa rumbu mara lafiya aikin sa'o'i. Kamar a ɗora wa jakin da ke ɗingishi buhu biyu ne don a ga ko zai warke.

Hanyar da ƙwararru ke bi ita ce a fara kwafe rumbun gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, zuwa wani lafiyayye mai girmansa ko wanda ya fi shi. Manhajar ddrescue ta Linux an yi ta ne don haka: tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, sai daga baya ta dawo musu, kuma tana rubuta inda ta tsaya, ko an ɗauke wuta za ta ci gaba daga nan. A kan wannan kwafin ne ake sa manhajojin ceto irin TestDisk da PhotoRec, waɗanda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta kuma kyauta ne. TestDisk na neman jadawalin da ya ɓace. PhotoRec kuwa tsintar fayiloli take yi ɗaya bayan ɗaya, amma ba da sunayensu na asali ba, don haka mai hoto zai samu tarin dubban hotuna da sai ya zauna ya tantance na bikin wa da wa. Kuma duk abin da aka ceto, wani wuri ake ajiye shi. Mayar da shi kan rumbun da ake cetowa rubutu ne a kan abin da ba a kai ga tsamowa ba.

Fanel, firji da sukundireba

Idan ɗan allon USB ne ya ƙone, a wasu rumbunan ana iya fasa akwatin a ciro rumbun, a sa shi a sabon gida ko a jona shi kai tsaye da kwamfuta, domin irin na laftof ne a ciki. Yawancin ƙananan Seagate haka suke. Amma jerin My Passport na Western Digital mashigar USB a jikin fanel ɗin take, kuma da yawa suna kulle bayanan da lambobin sirri ko da mai su bai sa kalmar sirri ba. Ba a yi musu wannan dabarar.

Canza fanel ma ba kamar canza batirin waya ba ne. Kowane rumbu yana da ɗan guntun ƙwaƙwalwa a fanel ɗinsa da ke ɗauke da ma'aunin da aka daidaita allurarsa da shi tun a masana'anta. Ko an samo fanel iri ɗaya sak, sai an ɗauke wannan guntu an mayar kan sabon.

Batun sa rumbu a firji ya kwana, tsohon labari ne daga zamanin wasu rumbunan daban. Na yanzu idan aka fito da shi, raɓa ce za ta kwanta a kan faifan. Kwance murfin ƙarfen don a leƙa ciki kuwa ya fi haka muni, balle a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Masu canza allura suna yi ne a kan teburi mai tace iska, da allurar wani rumbu irinsa da za a sadaukar, da na'ura irin PC-3000 mai iya magana da rumbun da kwamfuta ba ta ma gani. Wannan ne ya sa kuɗin aikin kan ninka kuɗin sabon rumbu, kuma mai kaya na da haƙƙin tambayar ko a shagon za a yi ko turawa za a yi wani gari, da kuma ko zai biya idan ba a samu komai ba. Akwai wata tambayar da ba a cika yi ba: wa zai ga abin da ke ciki? Rumbun gida yana ɗauke da hotunan iyali da takardu, kuma kwafin da mai gyara ya yi yana nan a wurinsa har sai an ce ya goge.

Garanti kuwa rumbu yake canzawa, ba ya dawo da fayil, in ban da wasu samfuran Seagate da ake sayarwa haɗe da sabis ɗin ceto.

Rumbun da ya fara nuna gurabun da suka lalace, ko an yi masa fomatin ya koma aiki, bai cancanci a sake ba shi amanar abin da babu kwafinsa a wani wuri ba. Zafi ma na rage masa kwana: da yawa an rubuta a takardarsu kar zafin ɗaki ya wuce digiri 35 ko 40, alhali a Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu yana wuce haka, ga masu barin sa a cikin mota da rana. Wanda zai sayi sabo kuma ya tafi da CrystalDiskInfo a filashi ya gwada a gaban mai shago. Layi na 9 yana nuna sa'o'in da rumbun ya yi a kunne, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da tsohon rumbun laftof mai dubban sa'o'i a cikin sabon akwati mai leda. Idan kuma Windows ta nuna gigabait 931 a rumbun da aka rubuta terabait 1 a kwalinsa, wannan ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da kwamfuta.