Aikin Injiniya A Tsakiyar Teku: Wace Ƙofa Ake Bi?

Manyan kamfanonin mai na ƙasashen waje suna tattara komatsansu daga tudu suna nausawa cikin teku. Shell ya sayar da rijiyoyinsa na tudu a yankin Neja Delta, amma bai saki filin Bonga ba, wanda ke kimanin kilomita 120 daga gaɓa, a ruwan da zurfinsa ya zarce mita 1,000. Tun 2005 ake haƙo mai a can. Agbami ya biyo baya a 2008, Egina kuma a ƙarshen 2018. Ke nan matashin da ke burin aikin mai a yau, teku ya kamata ya fuskanta.

Ɗalibaina da dama sun ɗauka digirin injiniyan man fetur ne kaɗai ƙofar shiga. Ban yarda ba. Jirgin da aka girke a Bonga masana'anta ce sukutum bisa ruwa: yana raba ɗanyen mai da iskar gas da ruwa, ya adana shi, ya ɗura wa jiragen dako. Wuri irin wannan ba ya tafiya sai da injiniyan kanikanci, da na lantarki, da na sinadarai, da mai kula da na'urorin awo. Dokar 2010 da ta wajabta fifita 'yan ƙasa a harkar mai ta shafe su duka.

Sai dai digiri ba ya kai mutum kan jirgin. Akwai gwajin lafiya, akwai horon ceton rai, inda ake zaunar da kai a kwaikwayon jirgi mai saukar ungulu, a nutsar da shi cikin tafki, a kife shi, ka kwance ɗamara ka fita ta taga. Wanda bai taɓa shiga ko kududdufi ba, ya fara sabawa da ruwa tun yanzu.

Tsananin ba na banza ba ne. A 1988 mutum 167 suka halaka a dandalin Piper Alpha na Tekun Arewa, bayan masu aikin dare sun kunna wani famfo ba tare da sanin an cire masa abin rage matsi da rana ba.

Sannan ga batun iyali, wanda albashi kan rufe wa matasa ido a kansa. Makonni huɗu a teku, awa 12 kullum, abu ne da aka saba. Sallah za ta wuce ka, suna zai wuce ka, wata jana'izar ma sai dai ka ji a waya. Wannan magana da iyaye da mai ɗaki ake yin ta, tun kafin a cike takardar neman aiki.