Dashen Biki: Itatuwan Da Ake Binnewa Da Ledarsu

Duk shekara da zarar damina ta yi nisa, labarin ɗaya ne a garuruwan Arewa. Wata ƙungiya ta sauke dashen itatuwa mota guda a bakin gari, an kafa rumfa, an jera kujerun roba. Hakimi ya durƙusa ya sa tsiro na farko a rami, an tafa, an ɗauki hoto, kafin la'asar an watse. Wanda ya koma filin a watan Maris, ramuka zai tarar a jere, ɗan karan tsiro ya bushe ƙayau, baƙar leda tana leƙe daga cikin ƙasa.

Ledar nan ita ce ta tona asiri. Yawancin dashen ko yage masa ledar da aka rene shi a ciki ba a yi ba. Haka aka cusa shi, saiwa ta yi ta kewaya a ciki, ta rasa hanyar gangarawa neman danshi. Wanda ya tsira daga leda kuma, awaki sun cinye shi a makon da aka saki dabbobi bayan girbi, domin babu wanda ya ga ya kamata ya kafa masa ko reshen ƙaya ɗaya. In an tambayi mutanen unguwa sai su ce, "Ai na ƙungiya ne." Ƙungiya kuwa ta rubuta rahoto ta dasa dubbai, ta wuce wani garin. Manomin da ba zai taɓa barin gonar waken sa a buɗe ba, shi ne yake kallon akuya tana tsinke kan dashen gawo bai ko kore ta ba.

Abin da ya ƙara zafin asarar shi ne, irin wannan dashe ba don inuwa kaɗai ake kawo shi ba. Ƙungiyoyin da ke ɗaukar nauyinsa, na gida da na waje, so suke daji ya dawo da mazaunansa: tsuntsaye, zuma, jemagu, zomo, zabin daji. Shi ya sa suke nacewa a kan itatuwan gargajiya irin su gawo, aduwa, kurna, magarya, ɗorawa, kuka, kanya, ɗinya da bagaruwa. A nan ma ana samun turjiya. Wurin rabo kowa darbejiya da turare da mangwaro yake wawa, a bar aduwa a yashe, wai wa zai ɓata bayansa wajen dasa abin da ke fitowa da kansa a jeji? To, ya daina fitowa, tunda gatari da gawayi da bakin dabba ba su bar masa sarari ba.

Darbejiya ba abokiyar gaba ba ce. Ta rufa wa birane asiri da inuwa. Amma baƙuwa ce daga Indiya, turare kuma daga Ostareliya, ga shi da zuƙe ruwan ƙasa. Masu binciken tsuntsaye 'yan ƙasar Holan da suka shafe shekaru suna ƙirga a faɗin Sahel sun tarar cewa ƙananan tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai sun fi taruwa a kan itatuwa masu ƙaya, musamman gawo da danginsa da aduwa, saboda ƙwarin da suke samu a jikinsu. Darbejiya da turare kuwa kusan wayam suke. Gawo na zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, daidai lokacin da baƙin ke nan kuma komai ya bushe. Furen ɗorawa da na kuka da dare jemagu ke ziyartarsu, su ne ke haɗa musu barbara. Mai korar jemage daga ɗorawa, kalwar daddawarsa yake ragewa.

Ba tatsuniya ba ce dabba ta dawo. A yankin Kure da ke kusa da Yamai, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har suka kai 49 a shekarar 1996. Da hukuma da ƙungiyoyi da ƙauyuka suka haɗa hannu wajen hana farauta da kula da itatuwan da suke ci, adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maradi. A Najeriya ma, tsuntsayen da ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, inda ƙungiyar kare muhalli ta NCF ta daɗe tana aiki da mazauna, ba ruwa kaɗai suke bi ba, har da itatuwan da ke gefensa.

Darasin da ya fi girma yana Maradi. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwan da yawancinsu ke mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara barin rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su. Da wannan sassaben zamani manoman Maradi da Damagaram suka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai kusan hekta miliyan 5. Babu rumfa, babu leda. Abin da ya yi aiki shi ne kowane itace yana da mai shi. Shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015 don jihohi 11, shi ma a kan wannan gaɓar zai tsaya ko ya faɗi.

Saboda haka garin da ƙungiya ta zo wa da dashe, kada ya karɓi fiye da abin da zai iya renowa. Ɗari da za su rayu sun fi dubu biyar na hoto. A nemi a kawo shi da wuri, da zarar ruwa ya zauna, ba a ƙarshen Satumba ba. A yanka ledar da reza ta gefe, a zare ta ba tare da ƙasar ta watse ba, a tattara ledojin kada dabba ta haɗiye. A bar ɗan kwari a gindi don ruwa ya kwanta, a lulluɓe da ciyawa ko yayi.

Sannan babban aikin: shinge. Ranar da aka dasa, ranar za a kewaye, ba sai an ga kaka ta gabato ba. Ƙayar magarya ko ta bagaruwa da aka datso daga rassa, ba sare uwar ba, ko tsohon kwando, ko tubalin laka da aka jera da tazara don iska ta shiga, duk suna yi. Ya zama ya fi ƙarfin akuyar da ta miƙe da ƙafa biyu, domin ita ba ta san na ƙungiya ba ne. A riƙa duba shi, gara na cin tushen ƙaya, iskar hunturu na kayar da shi, yara na zare shi su kai murhu. Ruwan alwala da na wanke hatsi ya ishi ɗan tsiro ya ƙetare bazara. A yi haka rani biyu zuwa uku, har kansa ya wuce bakin dabba. Kowane dashe a rubuta sunan gidan da zai kula da shi a gaban mai unguwa, a kuma zauna da makiyaya tun kafin a haƙa rami, kada a dasa a kan burtali.

Su ma ƙungiyoyi a daina yi musu godiya kawai. A tambaye su nawa suka ware na shinge da ban ruwa, kuma yaushe za su dawo ƙirgen waɗanda suka rayu. Wadda ba ta da amsa, a roƙe ta ta rage yawan dashen, ta sa kuɗin rumfa da kujeru a aikin kewayewa.