Mari Ba Ya Shiryar Da Ɗa

Yau na ajiye labarin soyayya gefe guda, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

A nan Tambuwal da Kebbe, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, da yaro ya fara shaye-shaye ko ɗauke-ɗauke, sai ki ji dangi na cewa, "A kai shi gidan mari ya yi hankali." Gidan mari dai makarantar kwana ce ta kangararru, iyaye su biya kuɗi, a sa wa yaro ƙarfe a ƙafa wai sai ya shiryu.

To me ke faruwa in an rufe ƙofa? A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu ɗaure da sarƙa, gadon bayansu duk tabon bulala. A Oktoba kuma aka kuɓutar da wasu 67 a Daura. Wasunsu sun ba da labarin yunwa, har da lalata da aka riƙa yi da su. Abin tausayi, yawancinsu iyayensu ne suka miƙa su da kyakkyawar niyya.

Turawa ma ba su tsira ba. A Amurka daji ake kai irin waɗannan yara, kuma a 2024 wani ɗan shekara 12 ya rasu a wani sansani kwana ɗaya da kai shi.

Ƙanwata, kada ki ce ba ruwanki. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cikin kowane mutum 4 masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Ni a ganina shaye-shaye ciwo ne, ciwo kuwa magani yake so. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya nan a Kware, kusa da Sakkwato, da likitocin da suka san aikin.

In kin ga yayanki ko ƙawarki sun fara canzawa, ki ja su a jiki, ki sanar da Inna tun da wuri, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka kawo zancen mari, ki ce cikin ladabi, "Baba, a fara gwada asibiti."

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.