Shekara Nawa Sunan Mai Taurin Bashi Ke Yi a Kundi?

Mutum ya je banki neman jarin da zai ƙara a shagonsa, takardunsa sun cika, mai tsaya masa yana nan, amma bayan 'yan kwanaki sai a ce masa ba zai samu ba, saboda sunansa ya fito da bashi. Ya yi ta rantsuwa ba wanda ke bin sa ko sisi. Da an bincika sai a tarar da ɗan rancen da ya karɓa ta waya shekara huɗu da suka wuce, ya biya rabi, layin ya ɓata, shi ma ya manta. Irin wannan ya zama ruwan dare a bankunanmu, kuma tambayar da kowa ke yi ɗaya ce: yaushe za a goge sunan?

Kafin amsa, ya kamata a san inda sunan yake. A Najeriya akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin adana bayanan masu karɓar bashi: CRC Credit Bureau, da FirstCentral, da CreditRegistry. Su ba sa ba da rance, ba sa kuma karɓar biya. Aikinsu tattara abin da bankuna, da ƙananan bankunan al'umma, da kamfanonin rance masu rajista ke aiko musu a kai a kai: wane ya karɓi kaza, an yi da shi zai biya a wata kaza, ya biya a kan lokaci ko ya yi jinkiri. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, sauya banki ko sauya layin waya ya daina ɓoye kowa, domin duk asusun mutum a kan lamba ɗaya yake rataye. A ƙa'idar bankuna, rancen da aka yi kwana 90 ba a biya kason da ya wajaba ba ya shiga sahun basussukan da suka lalace, kuma haka za a rubuta shi.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari sun yanke wa'adi ƙarara. A Birtaniya, inda Experian da Equifax da TransUnion ke riƙe da kundin, idan mai rance ya yi watanni uku zuwa shida bai biya ba, mai bin sa yana iya rubuta cewa yarjejeniya ta karye. Daga ranar da aka rubuta, tabon zai yi shekara 6 cif, sannan ya faɗi da kansa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne biya ba ya rage ko kwana ɗaya. Wanda ya biya bayan wata biyu da wanda bai taɓa biya ba, rana ɗaya tabonsu zai ɓace. Bambancin kawai shi ne za a rubuta a gefen na farko cewa ya sauke nauyi, kuma masu ba da rance suna duba wannan. Ko da an sayar da bashin ga kamfanin karɓar basussuka, ba a sake lissafi daga farko. A Amurka, dokar da aka yi tun 1970 ta sa wa'adin shekara 7 ga yawancin munanan bayanai, wanda kuma kotu ta ayyana ya karye gaba ɗaya zai iya kai shekara 10.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don haka bari mu ɗan tsaya. Faɗuwar tabo daga kundi daban, mutuwar bashin daban. A Ingila akwai wata doka ta 1980 da ta ce idan aka yi shekara 6 mai rance bai biya komai ba, bai kuma amsa bashin a rubuce ba, mai bin sa ba zai iya cin nasara a kansa a kotu ba a yawancin basussukan yau da kullum. A Sukotlan wa'adin shekara 5 ne. Lissafi biyu ke nan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa amma ba su haɗu ba: biyan fam ɗaya yana mayar da lissafin kotu farko, amma ba ya taɓa lissafin kundi. Don haka ana iya samun wanda kundinsa ya yi fes alhali har yanzu ana da ikon maka shi a kotu.

To, mu fa? Dokar bayanan bashi ta Najeriya, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun 2017 lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ta bi wata hanya dabam. Ta umarci kamfanonin su riƙe bayani na aƙalla shekara 6, bayan nan su ajiye shi a ma'adana na wasu shekara 10, sannan ne suke da damar shafe shi. A lura da kyau: dokar ta faɗi mafi ƙarancin lokacin riƙewa ne, ba ta ce ranar kaza dole tabon ya faɗi ba. Kuma muddin banki yana ci gaba da aiko da rahoto cewa wane bai biya ba, bayanin sabo ne kullum. Wanda ya karanta a intanet cewa bayan shekara 6 komai yana gogewa, labarin Landan ya karanta. Idan ya naɗe hannu a Kano ko Gusau yana jiran shekarun su cika, zai daɗe yana jira.

Ba ma jira kaɗai ba ne hatsarin. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ke bin mutum damar cire uwar kuɗi da kuɗin ruwan da ya taru daga asusunsa na wani banki, bisa izinin da ya sa wa hannu ranar karɓar rancen. Mutane kaɗan ne ke karanta wannan shafi kafin su dangwala hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan lamari ya shafi Arewa. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi a watan Nuwamban 2015, da kuma lokacin rancen korona da aka raba ta bankin NIRSAL a 2020, magana ta yaɗu a gari cewa kuɗin gwamnati ne, rabon kowa ne, ba mai tambaya. Wasu ma 'yan tsakiya ne suka karɓi lambobinsu na BVN, suka cika musu takardu, suka yanki kasonsu, suka miƙa musu ragowar. Amma a takarda rance ne, kuma da sunan mai lambar aka rubuta shi, ba da sunan ɗan tsakiya ba. Yanzu da gwamnati ta kafa hukumar CREDICORP a 2024 don sauƙaƙa wa ma'aikata sayen kaya bashi, tarihin biyan mutum ne zai riƙa buɗe masa ƙofa ko ya rufe ta. Ina tsoron kada matasanmu da yawa su iso bakin ƙofar su tarar da wani tsohon sa hannu ya riga su zuwa.

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba duk wanda ya kasa biya ne macuci ba. Akwai wanda ambaliya ta cinye gonarsa, akwai wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu, akwai ma'aikacin da aka yi watanni ba a biya shi albashi ba. Addinin Musulunci da ya yi umarni a rubuta bashi, shi ne kuma ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Shi ya sa nake ganin dokarmu ta gaza a wuri ɗaya: ya kamata majalisa ta yanke wa'adi bayyananne, ta yadda wanda ya biya zai san ranar da tabonsa zai daina fitowa. Shi kuwa wanda yake da hali ya ƙi biya, shekarun Turawa ba za su amfane shi da komai ba, tunda ko gadonsa ba za a raba ba sai an fitar da haƙƙin masu bin sa.

Kafin a kai ga gyaran doka, akwai abin da ke hannun kowa. Dokar 2017 ta ba mutum haƙƙin karɓar rahoton kundinsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma ana iya nema ta shafukan kamfanonin uku da lambar BVN. A duba duka ukun, domin ba lallai ne abin da ke wajen wannan ya kasance wajen wancan ba. Idan an ga bashin da ba a sani ba, ko wanda aka riga aka biya, a rubuta ƙorafi ga kamfanin da kuma bankin da ya aiko da bayanin, domin sai bankin ya tabbatar kafin a gyara. In banki ya yi kunnen uwar shegu, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Banki. Idan kuwa bashin gaskiya ne, a je a zauna da bankin. Bankuna kan yarda su yafe wani ɓangare na tara, ko su rarraba biyan. Ranar da aka kammala, kada a fita sai da takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, a kuma sake duba kundin bayan wata ɗaya ko biyu don a tabbatar an sauya rubutun.

Mai karatu, idan ka taɓa karɓar rance ta waya, ko ka ba wani lambarka ta BVN ya cika maka takardar tallafi, ka nemi rahotonka tun yanzu, kada ka bari sai ranar da buƙata ta kai ka banki.